SALULA: WANE FORFE YA DACE DA MUTUMIN KARKARA?

Ran kasuwa rumfar mai saida kiredi ba ta rabuwa da mutane. Wannan ya sa na dala 20. Wancan ya sa na dala 100. Kafin kasuwa ta watse wasu sun komo suna faɗa, suna cewa an cinye musu kuɗi. Sau da yawa ba sata ba ce. Mutum ne ya sayi abin da bai dace da bukatarsa ba, ko kuma bai karanta abin da waya ta rubuto masa ba.

Salula ta fara shiga Nijar a shekara ta 2001. Sunayen kamfanoni sun sha canzawa tun lokacin. Celtel ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov, sannan Moov Africa. Orange ya zo a 2008, aka saida shi a 2019, ya ɗauki sunan Zamani. Sonitel da SahelCom kuma aka haɗe su a 2016, suka zama Niger Telecoms. Hukumar da gwamnati ta ɗora ma sa ido a kansu sunanta ARCEP. Kowane kamfani yana da farashinsa, kuma farashin yana canzawa. Saboda haka ba a riƙe farashin bara a yi ciniki da shi bana. Amma hanyar lissafi ba ta canzawa, ita ce ya kamata a riƙe.

Kiredi daban, forfe daban

Kiredi shi ne kuɗin da aka zuba cikin layi. Layi shi ne ɗan ƙaramin katin da ake sa ma waya, wanda wasu ke kira sim, wasu pus. In mutum ya kira da kiredi kai tsaye, ana cire kuɗi gwargwadon tsawon maganarsa. Wannan kamar sayen hatsi ne tiya-tiya. Yana da tsada, amma abin da aka ci shi aka biya.

Forfe kuwa kamar sayen buhu ne. Mutum ya ba da kiredinsa gaba ɗaya, a ba shi mintoci, ko saƙonni, ko mega na intanet. Minti ɗaya cikin forfe ya fi araha. Sai dai buhun nan yana da wa'adi. Akwai na kwana 1, akwai na kwana 7, akwai na kwana 30. In wa'adi ya cika, abin da ya rage yakan tafi, ko da mutum bai taɓa shi ba. Nan ne mutane da yawa suke asara ba su sani ba.

Akwai wani abu da ke ruɗa sababbin masu karatu. Waya ba ta ƙirga kuɗi da dala, da faran take ƙirgawa. Dala 1 faran 5 ce. In waya ta rubuta 100, dala 20 ke nan. In ta rubuta 500, dala 100 ke nan. In ta rubuta 1000, jika guda ce. Duk lambar da aka gani, sai a raba ta gida 5, a samu dala. Wanda bai san wannan ba yana iya danna forfe na jika 5 yana zaton ƙaramin abu ne.

Lissafi a kan allo

Ga misali na koyon lissafi kawai, ba farashin wani kamfani ba ne. A ɗauka kira kai tsaye faran 60 ne minti ɗaya, watau dala 12. A ɗauka kuma akwai forfe na faran 500 mai minti 30, wa'adinsa kwana 7.

Wani ɗan kasuwa ya saye shi. Cikin mako ya yi maganar minti 30 cif. A raba 500 gida 30. Kowane minti ya faɗo masa wajen faran 17. Da ya kira kai tsaye, da ya biya 30 sau 60, watau faran 1800. Ya tsira da faran 1300. Wannan ya yi riba.

Maƙwabcinsa ya ga haka, shi ma ya saya. Amma shi mutum ne marar yawan magana. Cikin mako duka minti 5 ya yi. Ya biya faran 500 don minti 5, kowane minti faran 100 ke nan. Da ya kira kai tsaye, faran 300 zai biya. Ya yi asarar faran 200, watau dala 40. Forfe ɗaya ne, kuɗi ɗaya ne, amma ɗaya ya ci riba ɗaya ya faɗi.

A wannan misali, sai wanda ke kai minti 9 ko fiye cikin mako forfe yake yi ma amfani. Yadda ake ganewa shi ne a raba kuɗin forfe da kuɗin minti ɗaya na kira kai tsaye: 500 a raba da 60 ya ba da 8 da ɗan ɗori. Kowa yana iya yin wannan lissafi da farashin gaskiya na ranar da zai saya.

Akwai kuma tarkon ƙaramin kuɗi. Dala 20 ba ta da nauyi a hannu. Amma wanda ke sa dala 20 kowace rana, a wata ya kashe faran 3000, jika 3 ke nan. A shekara jika 36. Sai ya tambayi kuɗin buhun hatsi lokacin kaka, ya gwada su. Mai kira kullum ya kamata ya dubi forfe na wata, ya ga ko ya fi masa sauƙi bisa ga tara na kwana-kwana. Wahalar na wata ita ce ana biyan kuɗin gaba ɗaya, kuma ba kowa ke da su a hannu ba, balle lokacin damana da rumbu ya yi ƙasa.

Rezo kafin farashi

Forfe mai araha ba ya da amfani a garin da rezon kamfanin bai kai ba. Akwai garuruwan da sai an hau tudu ko an je gindin wani icce kafin waya ta kama. Kafin mutum ya sayi layi, ya tambayi mutanen garinsu wane rezo ne ke kamawa cikin ɗaki, wane ne ke kamawa a gona.

Abu na biyu, ya dubi layin mutanen da ya fi kira. Lambar waya a Nijar tana da alƙaluma 8, kuma biyun farko suna nuna kamfani. Misali 96 da 97 na Airtel ne, 94 da 95 na Moov Africa, 90 da 91 na Zamani, 93 na Niger Telecoms. Akwai wasu bayan waɗannan. Wani forfe na kiran layin kamfani ɗaya ne kawai. Wani kuma na kiran kowane layi ne. Wanda ya sayi na farko, ya kira layin wani kamfani, mintocinsa suna nan kwance, kiredinsa ne ke tafiya. Shi ya sa ake tambayar mai saidawa abu 3 kafin a danna: minti nawa ne, kwana nawa ne, kuma wane layi yake kira.

Waya mai cin layi 2 tana taimakon makiyaya da masu yawon kasuwanni. In wannan rezo ya ɓace, wancan ya kama. Amma layi 2 baki 2 ne, kowane yana son a ciyar da shi. Gara mutum ya zaɓi ɗaya ya zama na kira, ɗayan ya bar shi na amsawa.

Kowa da bukatarsa

Akwai tsoho ko tsohuwa da ba su kiran kowa, ƴaƴansu ne ke kiransu. Amsa kira cikin ƙasa ba ya cin kuɗi. Waɗannan ba su bukatar forfe ko kaɗan. Ƙaramar waya mai maɓallai ta ishe su, cajinta yana kwanaki. Abin da za a kula shi ne kada layi ya mutu. Layin da ya daɗe ba a sa masa kiredi ba, ba a yi aiki da shi ba, kamfani yakan rufe shi, daga baya ya ba wani lambar. Sai ɗa ya kira daga nesa ya ji muryar baƙo. Ɗan kiredi kaɗan lokaci-lokaci, da kira guda, yana hana wannan. Kiredin nan kuma yana da rana: in ciwo ya tashi da dare, ko naƙuda ta zo, da shi za a kira mai mota ko likita.

Manomi shi kuma kiransa yana da lokaci. Mai albasa a Galmi ko Madawa, mai aya ko wake a ƙasar Maraɗi, mai gyaɗa a ƙasar Matamai, ba kullum suke bukatar waya ba. Bukatarsu tana tashi jajibirin kasuwa da lokacin kaka. Forfe na kwana 1 da aka saya jajibirin kasuwa ya ishi mutum ya kira dillalai 3 ko 4, ya ji farashi a kasuwanni daban-daban kafin ya ɗora buhu bisa amalanke. Wannan kira ba ɓarna ba ne. Wata malamar jami'a ta Amurka mai suna Jenny Aker ta binciki kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta samu cewa inda salula ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa, mai saye da mai saidawa sun daina ciniki cikin duhu. Amma in kaka ta wuce, kaya sun ƙare, babu dalilin ci gaba da sayen forfe don sabo.

Mai shago, da dillalin bisashe, da direba, da mai kabu-kabu, su wayarsu kayan aiki ce. Su ne forfe na mako ko na wata mai kiran kowane layi ya fi yi ma daidai.

Ƙungiyoyin mata suna da wata dabara. Mata Masu Dubara, da aka fara a ƙasar Maraɗi a 1991, sun saba da asusu da zubi. Ƙungiya irin wannan tana iya ajiye waya ɗaya a hannun ma'ajiya, a saya mata forfe daga asusu, a rubuta kowane kira cikin littafi kamar yadda ake rubuta zubi. Mace 20 ba su bukatar forfe 20 don su ji kuɗin man gyaɗa a birni.

Gidan da ke da ɗan cin rani

Nan ne kuɗi suka fi zuba. Bayan kaka samari suna tafiya Kano, Legas, Abijan, Libiya, Aljeriya, ko wuraren haƙar zinariya na ƙasar Agadas. Kiran ƙasar waje da kiredi kai tsaye yana da tsada ƙwarai. Forfe na cikin gida kuma ba ya kiran waje. Uwa ta sa dala 100, tana cikin gaisuwa da tambayar gajiya, ba a kai ga maganar da ta sa aka kira ba, waya ta yanke.

Hanya ta farko tsohuwa ce: a yi bip, watau a kira a kashe, shi na can ya kira. Hanya ta biyu ita ce forfe na musamman na kiran waje, wanda kamfanoni ke saidawa. A tambaya ko ƙasar da ake so tana ciki, don ba duk ƙasashe ake haɗawa ba.

Hanya ta uku ita ce saƙon murya ta WhatsApp. Wannan yana bukatar babbar waya mai shafawa, da rezo mai intanet, da mega. Intanet ba ta san iyaka ba: saƙon da aka aika Tasawa da wanda aka aika Tirabulus mega ɗaya suke ci. Saƙon murya na minti 1 bai kai mega 1 ba. Ga shi kuma ba ya bukatar a iya rubutu, ba ya bukatar a samu mutumin a lokacin. Ko rezo yana rawa, saƙo yana jira har ya samu hanya ya wuce. Babbar waya guda ta ishi gida duka, har da maƙwabta. Ƙaramin forfe na intanet, in murya kaɗai ake aikawa, yana daɗewa.

Tsakanin Nijar da Mali da Burkina Faso, hukumomin waya na ƙasashen 3 sun sa hannu a Yamai cikin watan Nuwamba na 2024 don a cire ƙarin kuɗin da ake ɗora ma wanda ya tsallaka iyaka da layinsa. Mai tafiya can ya tambayi kamfaninsa sharuɗɗan kafin ya tashi.

Mutanen bakin iyakar Najeriya, kamar Ƙonni, Ɗan Isa da Magarya, suna da nasu lamari. Wani lokaci waya takan saki rezon gida ta kama na ƙetare ba tare da mai ita ya sani ba. In haka ta faru, farashi na baƙo ne, forfe na gida ba ya aiki, wani lokaci har amsa kira yana cin kuɗi. Sai a duba sunan da ke rubuce a saman waya kafin a kira. Da yawa a can suna riƙe layi 2, na Nijar mai farawa da 227 da na Najeriya mai farawa da 234, su kira kowace ƙasa da layinta.

Ina mega suke tafiya?

Mega shi ne mudun awon intanet. Mega wajen 1000 su ne giga 1. Rubutu kusan ba ya cin komai. Murya tana ci kaɗan. Hoto ya fi murya. Bidiyo shi ne fari cikin gona: na minti 1 yana iya cin mega 10 ko fiye. Yaron da ya zauna kallon bidiyo a Facebook ko TikTok yana iya cinye cikin awa guda abin da zai ishi gida aika murya wata ɗaya.

Babbar waya kuma tana ci ko ba a taɓa ta ba. Tana sauko da hotuna da bidiyon da aka turo cikin zauren WhatsApp da kanta. Tana sabunta kayan cikinta da kanta. Ana iya hana ta. Cikin WhatsApp akwai wurin da ake kashe saukar da hoto da bidiyo, sai wanda mutum ya zaɓa. In an gama aika saƙo, a kashe intanet ɗin gaba ɗaya.

Abu mafi ciwo shi ne forfe na intanet ya ƙare mutum bai sani ba. A wasu layuka, waya sai ta juya kan kiredi ta ci gaba da ci da farashi mai tsada. Dala 200 da aka ajiye don ranar larura sai a wayi gari babu su. Maganin wannan, kada a bar kiredi mai yawa cikin layin da ake shiga intanet da shi.

Forfe na dare yana da mega mai yawa da kuɗi kaɗan, don lokacin mutane suna barci, hanya babu cunkoso. Yana da kyau ga ɗan lakkol da ke son sauko da darasi. Ga manomin da zai yi sammakon gona kuwa, arahar banza ce.

Ƙananan ramuka

Akwai bashin kiredi. In kiredi ya ƙare, kamfani yana ranta ma mutum, ya cire da ƙari in an sa sabo. Ƙarin kaɗan ne a ido, amma wanda ya mai da bashi al'ada kullum yana sayen kiredi da tsada fiye da kowa.

Akwai waƙar da mai kira ke ji, da labarin ƙwallo, da wasannin cin kyauta. Saƙo yana zuwa da Faransanci yana cewa a danna 1. Wanda bai karanta ba ya danna don saƙon ya tafi. Daga nan ana cire masa kuɗi kowace rana ko kowane mako. In mutum ya ga kiredinsa yana raguwa bai kira kowa ba, ya je ofishin kamfani ko ya kira lambar masu kula da abokan ciniki, ya ce a cire masa duk abin da aka sa.

Akwai bonus. Kyauta ce, amma wa'adinta gajere ne, kuma sau da yawa layin kamfanin kaɗai take kira. Wanda ya sa jika guda don a ninka masa, alhali dala 40 yake bukata, ya sayi abin da ba zai iya cinyewa ba.

Layi kuma a yi masa rajista da katin shaidar mai shi. Wanda ya sayi layi da sunan wani, ran da waya ta ɓace ba ya iya karɓo lambarsa. In akwai kuɗin ajiya cikin layin, samunsu sai an sha wuya. Lambar sirri ta asusun waya ba a faɗa ma kowa, ko mai kira ya rantse daga kamfani yake, ko ya ce an ci kyautar babur.

Kuɗin caji ma yana cikin lissafi. A garin da babu lantarki, ana biyan mai faifan hasken rana. Babbar waya tana son caji kusan kullum. Ƙarama tana kai kwanaki.

Ga wanda ya koyi karatu

Saƙon rubutu yana aiki a kowace waya, ba ya bukatar intanet, kuma yana wucewa ko rezo ba ya da ƙarfi. A 2009 da 2010, a wasu garuruwan Doso da Damagaram, an koya ma ɗaliban yaƙi da jahilci aiki da salula cikin darasinsu. Sunan shirin ABC. Da aka yi jarrabawa, sun fi waɗanda ba a koya ma waya ba a rubutu da lissafi. Dalili ɗaya shi ne ba su ajiye karatu a aji ba, suna rubuta ma danginsu saƙo.

Ɗalibi yana iya ware shafi ɗaya cikin littafinsa. Ya rubuta rana, da kuɗin da ya sa, da wanda ya kira, da mintocin da waya ta nuna bayan kira. In wata ya cika ya tara. Wannan shafi ne zai gaya masa forfen da ya dace da shi, ba tallar rediyo ba.

Saƙo ɗaya yana ɗaukar baƙaƙe 160, har da filin da ke tsakanin kalmomi. Amma in aka sa baƙi mai ƙugiya, watau ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ, ko da guda ne, waya tana canza salon rubutu, saƙo ɗaya ya koma baƙaƙe 70 kawai. Abin da zai tafi a saƙo 1 sai ya zama 2 ko 3, a biya kuɗin kowane. A aji da cikin wasiƙa ana rubuta ƙugiya yadda malami ya koyar. A saƙon waya kuwa, mai son sauƙi yana iya rubuta b, d, k, y, in dai ba wurin da ma'ana za ta rikice ba, kamar kafa da ƙafa.